Mutumin da Ya Kai wa Kifi Yashi

Torjus ƙanin mijina ne. Ya rasu bara, kuma a wurin jana'izarsa fasto ya faɗi abubuwa masu kyau a kansa. Sai dai faston baƙo ne a kwarinmu, bai san shi ba sai a gadon asibiti. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan da ɗan karatun da na yi, don 'ya'yan dangi su san wanda suka binne.

Su biyu ne a wurin iyayensu, mijina Salve da shi. Salve ya gaji gona, tunda shi ne babba, Torjus kuwa ya bi jirgin ruwa tun yana saurayi. Ya yi shekaru yana kankare tsatsa a teku, sannan ya zauna Amurka yana shimfiɗa katakon daɓe a gidajen mutane, kamar rabin mazan yankinmu na Agder a wancan zamani. Da ya dawo bai zo da mata ba. Akwati ɗaya ya sauke, da gwiwoyi masu kanta saboda yawan durƙuso. Ya kama aiki a injin tsaga katako, ya zauna a ƙaramin gidan da ke bayan namu, abincin rana kuma a teburina yake ci.

Ba mai yawan magana ba ne, sai in zai tsokane ni.

"Matar Yaya," in ji shi, yana danna cokali, "dankalin nan dafa shi kika yi, ko tsoratar da shi kawai kika yi da ruwan zafi?"

"In bai yi maka ba ka je matarka ta dafa maka," in ce.

"Tana nan tafe a jirgi na gaba."

"Jirgin nan dai ya daɗe a hanya."

Salve sai ya yi ta dariya har ya ƙware.

A ɗakin addu'armu Torjus ne mai hura murhu, mabuɗin ma a hannunsa yake. Kowace Lahadi kafin kowa ya tashi ya riga ya je ya kunna wuta, in muka shiga mu tarar da ɗakin da ɗumi kamar kicin. Ba ya tashi ya ba da shaida, ba ya jan waƙa. Bencin ƙarshe yake zama, kusa da akwatin itace. Osmund, dattijon da ke jagorantar taronmu, yakan ce ɗan'uwa Torjus da gatari yake yin nasa wa'azin.

Sama da gidajenmu akwai tafkin Lislevatn. An ce kakan kakansu Salve ne ya hau da kifi a bokitin katako ya zuba a ciki, tun lokacin da ba ko ɗaya a wurin. Kifi ne madaidaici mai baƙin baya da jan ɗigo a gefe. Kowace kaka mazan gidan sukan sa raga, mu mata mu cika ganga da shi da gishiri, ya kai mu ƙarshen hunturu.

Ban san shekarar da abin ya fara ba, don ba a rana ɗaya ya zo ba. Mun dai fara ganin kifayen da ake kamowa manyan kai ne da siririn jiki, tsofaffi duka, ba ƙanana. Ruwan kuma ya riƙa yin garau, har mutum yana cikin kwalekwale yana ganin duwatsun ƙasa kamar zai miƙa hannu ya ɗauka. Masu zuwa hutu daga gari suna ta yabawa. Salve kuwa, a kakar ƙarshe ta rayuwarsa, ya dawo da raga ba kome a ciki, ya ce mini, "Gunvor, kyan ruwan nan ya yi yawa. Ba na son sa."

Daga baya rediyo ya fara maganar asid a cikin ruwan sama. Mu asid ɗin da muka sani shi ne ruwan batirin tarakta, wanda ya taɓa cinye wa Osmund gwiwar wando, sai kuma wanda likita yake cewa ya yi wa mutum yawa a ciki in ƙirjinsa na zafi. Anlaug, matar Osmund, ta fita tsakar gida ana ruwa ta zaro harshe, ta dawo ta ce ita ba ta ji tsamin kome ba, mutanen rediyo dai ba su da aikin yi. Amma wani ma'aikacin kifi ya zo daga gari da kwalabe, ya ɗebi ruwan tafkin, ya zauna a kicin ɗina ya yi mana bayani a tsanake. Ya ce hayaƙin masana'antun ƙetare ne iska take kawowa, ya sauko tare da ruwa da ƙanƙara. Dutsenmu kuma mai tauri ne, ba shi da abin da zai kashe kaifin tsamin. Babban kifi yana iya jurewa, amma ƙwai da 'ya'yan da suka ƙyanƙyashe ba sa iyawa. Mafi muni shi ne lokacin narkewar ƙanƙara, don tsamin da ya taru duk hunturu a lokaci guda yake gangarowa cikin rafuka.

Torjus ya saurara har ƙarshe. Lokacin Salve ya riga ya rasu.

A watan Oktoba na wannan shekarar Torjus ya dawo daga tsallaken tafki yana haki. Akwai wani ɗan rafi a can, Sandbekk, wanda rabin ruwansa daga idon ruwa yake fitowa. Ya ce ya ga kifi a ciki suna haƙa tsakuwa da wutsiya za su zuba ƙwai. Duk tafkin nan, wurin ne kaɗai ya rage musu.

A nan ne ya yi kuskuren da ya daɗe yana cin ransa. Mu manoma ne. Tun muna yara muka san in ƙasa ta yi tsami farar ƙasa ake watsa mata. A rumbu kuwa akwai ragowar buhu na mai zafin nan, ƙonanniya, wadda Salve yake shafa wa bangon garken shanu. Torjus ya yi tunanin abin da ya gyara gona zai gyara ruwa. Ya saɓa buhun, ya shiga kwalekwale, ya je ya juye shi duka a kan rafin. Ya ce ruwan ya koma kamar madara, shi kuma ya dawo gida yana fito.

Washegari da rana ya shigo kicin ya ɗora buhun a kan tebur. Da na buɗe sai ga kifaye, idanunsu sun yi fari, cikin matan cike da ƙwai.

"Matar Yaya," ya ce, "hayaƙin ƙetare ya yi shekaru yana kashe su a hankali. Ni yamma ɗaya ta ishe ni."

"Ba da gangan ka yi ba."

"Je ki gaya musu haka."

Bai ci abinci ba. Ni ma ban iya soya su ba, bayan gida muka binne. Da safe ya sa rigarsa ta fita, ya hau bas zuwa gari, ya je ofishin ma'aikacin nan ya kai ƙarar kansa. Mutumin bai yi masa faɗa ba. Ya ce wannan farar ƙasar wuta ce, tana ƙona wurin numfashin kifi nan take. Abin da ake so shi ne yashin bakin teku, wanda rabinsa dakakken ɓawon katantanwa ne. Shi a hankali yake narkewa, yana rage tsamin ruwan kaɗan-kaɗan. Ya ce a zuba shi da yawa a sama da inda ƙwan suke, ba a kansu ba, kuma lallai ya shiga kafin ƙanƙara ta narke.

"In dai akwai sauran kifin da za a yi wa," in ji Torjus.

Sai da shekara ta zagayo ya sami amsa. Da Oktoba ta sake zuwa, kullum in ya tashi daga aiki sai ya haye tafki ya kwanta rub da ciki a bakin rafin. Wata rana ya dawo, bai ko cire takalmi ba ya ce, "Sun zo." Kaɗan ne ƙwarai, waɗanda suke cikin tafki ranar da ya yi ɓarnar. Akwai wata tsohuwa mai yagaggiyar wutsiya da ya ce ba ya jin za ta sake ganin wata kaka. Sun zuba ƙwai a tsakuwa sun koma. In waɗannan ƙwan suka mutu da narkewar ƙanƙara kamar na shekarun baya, to kifin Lislevatn ya ƙare ke nan.

Babu hanyar mota zuwa Sandbekk. Kaya mai nauyi ba ya isa can sai ta kan tafki, in ya daskare, a amalanken nan marar ƙafa da doki yake ja a kan ƙanƙara. Tun kafin Kirsimeti Torjus ya yi magana da wani mai babbar mota a bakin teku. Amma jirgin da ke kwaso yashin ya lalace, da aka gyara shi kuma dusar ƙanƙara ta toshe hanyar kwari, da aka buɗe hanya mai motar ya kwanta ciwo. Yashin bai iso ba sai ranar Asabar ɗin da ke gaban makon Ista, da la'asar. Aka juye shi a gefen rumbuna, jiƙe sharkaf, yana warin teku.

Ranar nan iska ta juya, ta fara busowa daga kudu. Bakin rufin gida ya fara ɗiga.

Tarakta ta yi wa ƙanƙarar nauyi, don haka goɗiyar Salve ce za ta yi aikin. Blakka sunanta, tsohuwa ce mai taurin kai, kuma tun da maigidanta ya rasu ba ta bin kowa sai ni. Muka cika buhuna, muka samu muka kai kaya ɗaya tsallake kafin duhu. Da muka dawo na kwance ta. A wurinmu aiki yana tsayawa tun yammacin Asabar. Ranar Lahadi ba a saƙa, ba a taɓa almakashi, ko guduma aka ji a gidan wani sai an yi maganarsa a taro. Haka uwata ta tashe ni, haka nake har yau, kuma ban taɓa jin nauyin abin ba.

Da safe na gama tatsar shanu, na sa baƙar rigata ta zuwa addu'a, ina ɗaura kallabi, sai ga Torjus a bakin ƙofa cikin kayan aiki.

"Matar Yaya, ara mini Blakka."

"Yau Lahadi."

"Na sani. Ƙanƙarar ce ba wanda ya gaya mata." Ya nuna rufi da haɓa. "Rediyo ya ce ruwa zai sauko kafin dare, kuma ba na tsayawa ba ne. Gobe ko kare ba zai taka tafkin nan ba."

"Ko na ba ka ita ba za ta bi ka ba."

"Shi ma na sani."

Ya tsaya yana murza hula. Bai roƙe ni ba, bai kuma tafi ba.

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na durƙusa. Ba zan ce na ji wata murya ba, ɗigar ruwa kawai nake ji a kan dutsen ƙofar gida. Amma hannuwana suna warin nono, don yanzu na fito daga garke. Ba wanda ya taɓa cewa a bar saniya da nono a jiki don Lahadi ce, ko a bar tunkiya tana naƙuda a tafi taro. Kifayen nan kuma ba su suka kai kansu tafkin ba. Mutumin gidan nan ne ya ɗauke su a bokiti ya kai su. Na ga kamar su ma dabbobin gidan ne, sai dai garkensu ya yi nisa. Na roƙi Ubangiji in na yi kuskure ya duba ni da rahama, na tashi na cire baƙar rigar.

Hanyar tafki ta gaban ɗakin addu'a take bi, ba wata. Ranar kuma akwai baƙon mai wa'azi, don haka mutane sun fito da wuri. Muka taho, ni a gaba riƙe da linzami, Torjus a baya, buhuna jibge, ƙararrawar wuyan Blakka tana ta sanar da mu. Na so a ce na cire ta. Mata suka tsaya cirko-cirko a bakin ƙofa. Osmund ya sauko ya tsaya a tsakiyar hanya da littafin waƙa a hammata.

"Ɗan'uwa Torjus," ya ce, "kalandar gidanka ta faɗo ne?"

"Tana nan a ƙusarta, ɗan'uwa Osmund."

"To ina zuwa da kaya haka?"

"Sandbekk. Kifi zan kai wa yashi."

Wani daga baya ya ce, "Wancan karon madara ya kai musu, yau kuma tsaki. Baɗi sai gahawa." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Kunnuwan Torjus suka yi ja.

Osmund bai yi dariya ba. Mutum ne mai gaskiya, ba mugu ba. Shi ya nome mini gona shekarar da Salve ya kwanta, bai karɓi kome ba. Ya dube ni ya ce, "Har da ke, 'yar'uwa Gunvor?"

"Goɗiyar ba ta bin kowa sai ni," na ce. Iyakar abin da bakina ya iya fitarwa ke nan.

Ya juya ga Torjus. "Wanda ya halicci kifi bai san yadda zai tsare su ba sai ka karya ranarsa?"

"Ya tsare su shekara ɗari da wani abu, ni na je na zuba musu wuta. Ba zan zauna a ɗumi in bar masa gyaran ɓarnata ba."

"Yara suna kallonka. In mai riƙe da mabuɗin ɗakin nan ya wuce da amalanke yau, me zan ce wa wanda ya ɗauki zarto mako mai zuwa?"

Torjus ya sa hannu a aljihu ya ciro mabuɗin ya miƙa masa. "Gaskiyarka. Riƙe. Na jera itacen tun jiya, ashana kawai za ka ƙyasta. Amma ka fara buɗe marfin bututun hayaƙi, in ba haka ba da tari za ku yi waƙar."

Osmund ya karɓa, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya matsa gefe. Da muka wuce na ji Anlaug tana cewa, yadda kowa zai ji, "Allah sarki Salve, gara da bai ga wannan rana ba." Lallai in tsami ake nema ba sai an jira ruwan sama ba, harshen Anlaug ya isa. Na yafe mata tuni, amma a lokacin ya shige ni.

Ƙanƙarar tafkin ta riga ta canza launi. Jiya fara ce, yau ta yi toka-toka, ga ruwa kwance a kanta har idon sawu. Torjus yana tafe a gaba da dogon sanda mai ƙarfe a baki, yana caka yana saurare. Blakka tana huci, kunnuwanta a baya. Ni kuwa ina yi mata magana irin yadda Salve yake yi, ina kiranta tsohuwar banza, malalaciya, don da zagi ta saba jin ƙauna.

A tsallake muke sauke buhunan, shi kuma ya riƙa saɓa su ɗaya-ɗaya yana hawa gefen rafin. Yana da shekara sittin da 'yan kai a lokacin. In ya zo daidai tsakuwar da ƙwan suke, sai ya yi nesa da gaɓa, ya riƙa taka ƙasa a hankali kamar mai wuce ɗakin jariri. Can sama, inda rafin ya fito daga fadama yana gudu a kan duwatsu, nan ya fasa ƙanƙarar da gatari yake zazzage yashin, yana baza shi da hannu.

"Kada ka cika wuri ɗaya," na ce.

"Ji wadda ba ta iya dafa dankali ba tana koya mini aiki."

"Ni dai ban taɓa dafa rafi ba."

Ya tsaya cak. Na ji kamar in haɗiye maganar. Sai ya fashe da dariya, irin wadda ban ji daga bakinsa ba tun ranar buhun nan, har ya zauna a kan ƙanƙara.

Muka yi ta kai da kawowa. Duk wucewa ta gaban ɗakin addu'a muna jin waƙa, hayaƙi kuma yana fita ta taga, don Osmund ya manta da marfin. Da rana muka ci gurasar dankali da man shanu a tsaye. Kowace dawowa sawunmu na ɗazu ya ƙara cika da ruwa.

Da la'asar, muna kan komawa da kaya, Blakka ta kai bakin tafki ta kafe. Na ja, na lallaba, na zaga, ko motsi. Na duba can wajen bakin Sandbekk sai na ga baƙin layi ya buɗe tsakanin ƙanƙara da gaɓa.

"Ta fi mu hankali," na ce. "Ba za ta sake hawa ba, ni ma ba zan sa ta ba."

Bai yi gardama ba. Ya dubi buhunan, ya dubi sama. Abin da muka kai ya ɗan wuce rabi. Sai ya kwance ƙaramin abin jan itacensa da ke ɗaure a bayan amalanken, ya ɗora buhu biyu, ya ɗaura igiyar a ƙugu.

"Torjus, kai ma ba ka fi goɗiyar sauƙi da yawa ba."

"Abincinki nake ci, Matar Yaya. Ba ni da nauyi."

Ya tafi riƙe da sandan a gicciye, don in ya burma ya tare shi. Na tsaya a gaɓa da linzami a hannu ina addu'a da ƙarfi, abin da ban taɓa yi a waje ba. Ya je ya dawo, ya sake komawa. A zuwa na ƙarshe, dab da tsallake, na ga ya rage tsawo farat ɗaya. Ƙanƙarar ta fashe da shi har ƙugu. Ban san lokacin da na yi ihu ba. Wurin ba zurfi, amma maimakon ya fito, sai na hango shi yana kokawa da buhu, ya ɗaga shi sama da kansa ya wurga gaɓa, sannan na biyun. A nan ne bayansa ya riƙe. Duk da haka sai da ya ja su har sama ya zazzage. Ta daji ya zagayo ya dawo, a duƙe, wandonsa yana ɗiga, leɓɓansa sun yi shuɗi. Na ɗora shi a kan sauran buhunan, Blakka ta kai shi gida. Muna shiga ruwa ya sauko.

An yi kwana da kwanaki ana yinsa. Duk rafukan kwari suka cika suka yi ta ruri. Torjus yana kwance a ɗakin Salve, ina gasa masa baya, shi kuma kunnensa na waje.

"Wannan ruwan zai kwashe yashin duka ya zuba a tafki," ya ce.

"Ko kuma ya bar shi."

"Rabi kawai muka kai."

"Ya fi rabi. Sha romonka."

Bayansa bai sake miƙewa daidai ba har ya koma ga Allah. Mabuɗin ma bai dawo hannunsa ba. Osmund bai mayar ba, shi kuma bai tambaya ba. Da ya samu sauƙi ya ci gaba da zuwa taro, yana zama a bencinsa na baya, ranar Asabar kuma ya faskara musu itace ya jera a bakin ƙofa. Ni ma an ɗan yi mini sanyi-sanyi, mata suka daina zama kusa da ni na wani lokaci. Abin da ya dame mu duka biyu yana can ƙarƙashin tsakuwa, kuma ba yadda za a yi a sani sai lokacinsa ya yi.

A farkon Yuni, ranar wata Laraba, ya ce in zo in tuƙa masa kwalekwale, don shi bayansa ba zai bari ba. Muka haye. Ambaliya ta canza fasalin rafin, ta tura yashin ƙasa, ga shi fari-fari a tsakanin duwatsu har kusa da baki. Ya durƙusa da ƙyar, ya kwanta a kan gansakuka, ya kare ido da hannu. Ya daɗe. Sauro suna cin wuyansa bai kore su ba.

"Babu," ya ce. "Tsakuwa ce kawai."

Ya matsa gaba ya sake dubawa. Ya sake matsawa. Na ga kafaɗunsa sun sauka.

Ni ban kwanta ba, a tsaye nake a bayansa, rana kuma tana bayana. Idona ya saba da neman allura a tsakanin katakon daɓe. Ban dubi cikin ruwan ba, ƙasan na duba, wani ɗan wuri mai farin yashi a gefe, inda ruwa ba ya gudu. Sai na ga inuwa a kan yashin, siririya kamar tsinken ashana. Ta tsaya, ta matsa, ta tsaya. Da na ɗaga ido kaɗan sai ga mai inuwar. Ga wani a gefensa. Ga wasu a bayan dutse, duk sun fuskanci inda ruwa yake fitowa.

"Torjus, kana neman kifin ganga ne. Dubi hagunka, kan farin yashin. Inuwar za ka duba."

Ya juya kai a hankali. Ya daɗe yana kallo har na zaci bai gani ba. Sai na ga gansakukan da ke hannunsa ya matse shi har ruwa yana fita ta tsakanin yatsunsa.

"Kai," ya ce da raɗa. "Kai, ku 'yan banza. Ashe kuna nan."

Sama da inda yashin ya tsaya ba mu ga ko ɗaya ba. Ƙasa da shi kuwa kusan kowane lungu da nasa. Na ce Allah mun gode, na sake cewa. Shi kuwa hularsa ya cire ya ajiye a gefe.

Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Na baɗi tun Agusta zan sa a kawo shi. Ya zauna a gefen rumbunki ya jira ƙanƙara."

"Rumbuna ya gaya maka yana son warin teku?"

"Zai saba."

Ƙasa ta jiƙa masa riga har ƙirji, ga iska ta fara sanyi. Na miƙa masa hannu.

"Tashi haka nan, kafin bayan ya ƙara riƙewa. Ba zan iya ɗaukarka zuwa kwalekwale ba."

"Matar Yaya," ya ce, "bar ni tukuna. Kuma matsa gefe, kina tsorata su."

Na matsa, na sami dutse na zauna.